Kwana Arba'in da Biyu na Yaya Hamidu

Ruwan farko na bana ya sauka ranar wata Laraba. Muka yi shuka, hatsi ya tsiro har ya kai tsawon ɗan yatsa, sai sama ta ɗauke. Yau kwana goma sha shida ke nan ba ko yayyafi. Da hantsi in ka shiga gona za ka tarar ganyen ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari fat, ƙafa ba ta iya zama a kanta ba takalmi. Mutanen gari kowa idonsa na gabas, ana ta lissafin hadari. Ni kuwa duk lokacin da damina ta yi irin wannan wasan, hankalina ba ya zama a gonar bana. Komawa yake shekara takwas baya, daminar da muka yi noma ba shanu, da azumi a bakinmu, ni da yayana Hamidu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bana, ba nisa da Gaya. Ni da Yaya gandu ɗaya muke, rumbu ɗaya, tun rasuwar Baba ba mu taɓa rabawa ba. Ya girme ni da shekara takwas. Bai taɓa taka lakkol ba, wato makarantar boko, ni kuwa na yi aji biyar, abin da ya sa na daɗe ina ganin kaina wani abu. Kowace safiya shi ke hawa rumbu ya sauko da damin hatsi, mata su sussuke, shi kuma ya ɗauki tsohuwar tiyar Baba ya auna wa matarsa Ramatu, ya auna wa matata Zali, daidai wa daida gwargwadon bakunan kowane ɗaki. Yaya bai iya cin abu shi kaɗai ba. Goro guda in aka ba shi a kasuwa, sai ya dawo gida da ɓarinsa a aljihu.

Wannan halin yana da asali. Wata shekarar yunwa, muna yara, Yaya ya samu muruci guda ɗaya, ya ɓuya bayan rumbu ya cinye. Baba ya gan shi, ya wuce abinsa. Da maraice da aka kawo akushin gida, wanda shi ke nan abincin ranar, Baba ya ajiye shi gaban Yaya ya ce ya ci, tun da shi ne mai jin yunwa. Muka zauna muna kallonsa, ni da Inna da ƙannenmu mata biyu. Yana ci yana kuka, Baba bai bar shi ya tashi ba sai da ya suɗe akushin. Ranar da ruwa muka kwana. Ni na manta yunwar, shi bai taɓa manta akushin ba.

Ciwon ba mu muka je nemansa ba. Cikin rani Zali ta haihu, jini ya ɓalle mata, muka kai ta asibitin Gaya a amalanke har bakin titi, daga nan mota. Aka ce ana son jini. Ni da Yaya muka naɗe hannun riga. Bayan ɗan lokaci mai labo, mai awon jinin, ya kira mu gefe, ya ce jininmu ba ya bayuwa, mu duka biyu, akwai alamar ciwon hanta irin wanda suke ce wa epatit C. Ƙanen Zali ne ya ba da jinin, ta rayu ita da jaririyar. Ni ban ji komai a jikina ba, har na so in yi wa mai labo gardama. Yaya dai ya kai shekara biyu yana fama da gajiya, da maraice ƙafafunsa su kumbura, idonsa ya riƙa yin ɗorawa-ɗorawa. Mun ce shawara ce, an jiƙa masa sassaƙe ya sha har ya gaji.

Aka tura mu Yamai. Likitar da muka gani Bazabarma ce, mai tabarau, tana jin Hausa sarai. Ta tambaye mu ko an taɓa ƙara mana jini, ko allurar gida, ko ƙaho. Da ta ce ƙaho muka dubi juna. Bayanmu duk tabon ƙaho ne. Kowace shekara in an gama girbi wanzami yakan zo, maza su jeru ƙarƙashin ɗorawa a cire musu mataccen jinin noma, aska ɗaya, a goge ta da tsumma a koma kan na gaba. Ba ta ce lallai daga nan ne ba, ta ce ba mai iya sanin ranar. Aka sake ɗibar jininmu don babban awo, wanda ke ƙirga ƙwayar cutar kanta, aka kuma goga mana na'ura a ciki. Ƙwayar tana nan a jikinmu duka. Amma hantar Yaya ta riga ta fara taurarewa, tawa kuwa tana nan da laushinta. Matanmu da aka auna daga baya, Allah ya kiyaye su.

Ta ce akwai magani, kuma yana warkarwa, ƙwaya ɗaya kowace rana har kwana tamanin da huɗu. Sai ta dubi Yaya ta ce nasa ba ya jira, ni ƙanensa ina iya jira har baɗi. Ta ɗaga yatsa ta ce:

"Maganin mutum guda ne. Ba a rabawa, ba a tsallake rana, ba a tsayawa don an ji sauƙi."

Da Hausa ta faɗa, sau biyu. Ina rubuta wannan ne don kada wata rana zuciyata ta ruɗe ni ta ce ban ji ba.

A lokacin maganin yana da tsada ƙwarai, ba kamar yanzu da ya ɗan sauko ba. Abin da gidanmu zai iya kawowa bai wuce na mutum ɗaya ba, shi ma sai da bijiman huɗarmu biyu suka tafi kasuwa. Ni na ja su, Yaya ya ƙi zuwa. Da na karɓo maganin na ga kwalba uku farare, ƙanana, duka sun shige aljihun rigata har da sauran wuri. A motar dawowa na riƙa taɓa aljihun ina mamakin yadda bijimai biyu suka shiga ciki.

Azumi da ruwan shuka kusan tare suka zo shekarar. Likita ta ce wa Yaya kada ya yi azumi, ya ce to, ya ɗauki abinsa. Ya ce zai riƙa shan maganin da buɗa baki. Ranar farko muna zaune kan tabarma a tsakar gida, an kira magariba, Ramatu ta kawo ruwan randa da kunun tsamiya. Ya sha ruwa, ya buɗe kwalba, ya girgiza a tafin hannunsa. Na ga ƙwaya biyu.

"Miƙo hannunka, Idi."

"Yaya, ka ji abin da likita ta ce."

"Na jiya. Ita ta san hanta, ni na san gidanmu. Shanun nan na wa ne?"

"Namu ne."

"To."

Iyakar gardamata ke nan. Da ma in ce ya matsa mini, ko ya rantse, ko ya yi fushi. Bai yi ko ɗaya ba. Gaskiyar magana, tun da muka dawo Yamai nake cikin tsoro. Kullum sai na danna gefen cikina na dama in ji ko ya yi tauri. In na ga babur a tsaye sai na leƙa madubinsa in ja fatar idona. Ga jaririya ko zama ba ta fara ba. An ce ina iya jira har baɗi, amma wa ya san abin da za mu sayar baɗi, tun da shanu sun tafi? Ina son ƙwayar nan. Kafin ya sake magana hannuna ya riga ya miƙe.

Ramatu tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce a hankali, "Malam, ba haka anka ce ba." Ya ce ta je ta duba tuwonta. Ba ta tafi nan da nan ba. Ta tsaya, kuma ba shi ta duba ba, ni ta duba. Ta san mijinta, ta san ba mai juya shi a kan rabo. Mutum ɗaya ne a gidan zai iya hana abin, ta hanyar rufe hannunsa kawai. Na jefa ƙwayar a baki na kora da kunu.

Washegari muka fita shuka tun kafin gari ya gama wayewa. Yaya na gaba da sungumi yana sara, ni da matan muna biye muna zuba iri muna rufewa da ƙafa. Ƙasa na da sanyi, tana ƙamshi. Kwana uku muka gama babbar gona. Hatsi ya fito da kyau, sai ruwa ya ɗauke, kamar na bana, sai dai wancan ya fi daɗewa, kwana goma sha tara. Zafin da aka yi ban taɓa jin irinsa da azumi ba. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin ta wajen Najeriya, iska ta taso, mata su yi ta kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da gumi. Shukar ta ƙone muna kallo. Wadda ba ta ƙone ba, iska ta binne ta da rairayi.

Ba mu zauna ba duk da haka. Gonar dawa ta fadama tana son huɗa, ga shi ba shanu, sai muka koma garma kamar zamanin Baba. In an yi sahur da ragowar tuwo, a yi asuba, mu kama hanya. Kafin hantsi ya yi ƙarfi mun yi kunya biyar ko shida. Daga nan miyau ya ƙafe, harshe ya manne, leɓe ya tsattsage har in ka yi dariya ya yi jini. Mukan tsoma rigunanmu a rijiyar fadama mu sa su jiƙe, kafin ka kai ƙarshen kunya sun bushe. Da azahar mu kwanta ƙarƙashin ɗorawa, ba mai iya magana, ƙudaje na sauka a fuska ba ƙarfin kora. Mun kira gayya sau ɗaya, mutum bakwai suka zo, kowa na da tasa gonar da ta ƙone, kuma ba wanda zai ga laifin mai azumi.

Rumbu kuwa yana ta yin ƙasa. Tiyar da Yaya ke cikawa har ta yi tozo, sai ya koma shafe bakinta, daga baya ya riƙa barin yatsa biyu. Da ruwa ya dawo sai da muka ɗebi hatsin ci muka sake shuka. Zali da Ramatu suka shiga daji neman tafasa da rama, a dafa a matse a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Garin rogo na kasuwar Malanbil ya zama abincin buɗa baki, a jiƙa shi tun la'asar don ya kumbura ya ruɗi ido. Fura ta zama ruwa, kana iya ganin gindin ƙwarya. Yara suka daina wasa a waje da rana. Cikin wannan duka, abu ɗaya ne bai taɓa raguwa ba. In an kira magariba Yaya zai girgiza kwalba, ɗaya tasa, ɗaya tawa.

Abin da ya fi ruɗa mu shi ne Yaya ya samu sauƙi. Cikin mako na uku kumburin ƙafarsa ya saɓe, idonsa ya washe, ya fara neman ƙari a akushi. A gona ya riƙa wuce ni, ya kai ƙarshen kunya ya jingina da garma yana jirana yana cewa ɗan lakkol ya gaji, a kawo masa alli. Na daɗe ban ga Yaya cikin walwala irin ta kwanakin nan ba. Har Ramatu, da ta yi kwanaki ba ta amsa wasan da muka saba yi na ƙanen miji, ta fara sakin fuska. Na ce wa kaina ƙila likitoci suna ƙara kwanaki ne don tsoro. Mai son abu ba ya rasa hujja, ni kuwa da ɗan karatuna hujjojina sun fi na kowa tsari.

Gab da Salla lokacin awon wata guda ya yi. Aka ɗebi jinin Yaya a Gaya aka aika Yamai. Da rezilta ta fito, wato sakamakon awon, likita ta kira a wayata. Ta ce ba a ga ƙwayar cutar a jininsa ba. Amma ta ce kada mu ruɗu, wannan ba warkewa ba ce, ƙwayar ta ɓuya ne, ya ci gaba da sha har ya gama kwalba biyun da suka rage masa. A ranar kwalba ɗaya ce ta rage, da maraicen nan za mu buɗe ta. Wayar tana kunnena, Yaya na gefena yana murmushi. Na yi lissafi nan take, don lissafi ba ya ba ni wuya. In na janye hannuna daga yau, zai samu kwana ashirin da takwas a gaba maimakon goma sha huɗu. In kuma na gaya mata gaskiya, ƙila ta san dabarar da za a yi. Na ce, "To, likita, mun gode." Na kashe waya.

Yaya ya ce, "Ka gani? Allah ba ya barin mai rabawa."

Muka yi Salla da shinkafar da ƙanen Zali ya aiko. Kwana goma sha biyu bayan Salla muka sha ƙwaya biyu na ƙarshe. Kwana arba'in da biyu kowannenmu. Ramatu ta wanke kwalaben ta zuba gishiri a ɗaya, kanwa a ɗaya, ta uku ban san inda ta kai ta ba.

Daga nan damina ta zauna sosai, kamar tana ba da haƙuri. Ruwa kwana biyu, rana kwana biyu. Muka yi noman farko cikin laka, muka yi maimai, ciyawa na bin mu a baya. Sauro ya yi yawa, rigunanmu ba sa bushewa, gida duk warin danshi. Yunwar ba ta sake mu ba sai da hatsi ya fitar da kai. Ranar da muka gasa tumun farko, yara suka ci har suka yi barci da shi a hannu. Shekarar ta yi kyau, abin da ke ba ni haushi ke nan har yau. Rumbu ya cika, muka ɗaura wani ƙarami a gefensa.

Wajen yankan hatsi ne na fara ganin Yaya yana zama. Zai yanka kaɗan, ya nemi dami ya zauna, ya ce bayansa ne. Sai na lura ya sassauta mazagin wandonsa, alhali hannuwansa da wuyansa ramewa suke. Cikin ya taso, ya yi sheƙi. Ɗorawar ta dawo idonsa. Ya ce sabon hatsi ne bai karɓe shi ba. Ban yi masa gardama ba, ina tsoron abin da gardamar za ta tono. Shekarar nan, da wanzami ya zo, ba mu je ba, mu biyu.

Bayan an gama kai hatsi gida lokacin awon ƙarshe ya yi, wanda likita ta ce shi ne mai faɗin gaskiya, wata uku bayan gama magani. Muka tafi Yamai. Ta daɗe tana duban takardar. Ta ce ƙwayar ta dawo, da yawa. Ta tambayi Yaya ko ya tsallake kwanaki, ko ya yi amai, ko ya haɗa da wani magani. Ya ce ya sha abin da Allah ya rabo masa. Ta sake tambaya. Ni na faɗa mata rabawa muka yi. Bakin da ya kasa buɗewa wata shida da suka wuce, ranar ya buɗe, da ba sauran amfani.

Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta dafe goshi. Da ta ɗago ta ce wa Yaya maganin karo na biyu daban ne, samunsa a nan da wuya, kuma yanzu hantarsa ta fara tara ruwa, sai an fara da ruwan tukuna. Sai ta rubuta takarda ta ce a ɗebi nawa jinin. Bayan mako guda ta kira. Ba ƙwaya a jinina. Ta ce a sake bayan wata uku, aka sake. Babu.

Na koma wurinta ni kaɗai don in ji da kunnena. Ta ce sa'a na yi, kada in taɓa gaya wa wani cewa rabi yana isa, don sau da yawa masu yin haka duka biyun take dawo musu. Hantata ba ta lalace ba, shi ya sa. Na tambaye ta abin da ya kai ni, da Yaya ya shanye kwalba ukun, da ya warke? Ta ce ba za ta iya rantse mini ba, hantarsa ta riga ta ji jiki, amma mafi yawan waɗanda suka shanye maganin, cutar tana barinsu. Na so ta yi mini ƙarya, ba ta yi ba. Rabin ya ishe ni, shi da aka sayo dominsa bai ishe shi ba.

Da na gaya wa Yaya, yana kwance a inuwar rumbu, sai ya yi dariya har cikin ya motsa. Ya ce, "Madalla. Bijimi guda bai tahi banza ba." Da gaske yake murna. Ban taɓa jin haushin mutum ba kamar yadda na ji haushinsa ranar, don ya hana ni ko zagin da nake buƙata.

Muka sayar da rabin hatsin muna neman maganin na biyu, ba mu kai gare shi ba. Cikin bazara sau uku ana kai shi Gaya a zuƙe ruwan cikinsa da allura, bokiti ya kusa cika, kafin mako biyu ya dawo. Ya daina hawa rumbu, ni na koma hawa, ni ke riƙe tiya. Zafi ya sauko, irin wanda ke sa bango ya yi ta huci har bayan magariba. Ƙafafunsa suka fashe suna tsiyayar ruwa, Ramatu na canza masa tsumma. Sau ɗaya ya yi aman jini. Kwanakin ƙarshe hankalinsa ya riƙa gushewa, likita ta riga ta gaya mana hanta in ta gaza haka take yi. Ya daina gane shekarar da muke ciki. In Ramatu ta kai masa cokalin kunu baki sai ya kau da kai ya ce:

"An ba Idi? Idi ƙarami ne. A ba shi tukuna."

Sai na zo na durƙusa, ni da furfura ta fara fito mini, in sha cokali ɗaya a gabansa, sannan ya buɗe baki. Ramatu ce ke riƙe da cokalin. Ya rasu wata Asabar da la'asar, kwana tara kafin ruwan farko.

Yanzu abubuwa sun ɗan canza. Wanzami yana zuwa har yau bayan girbi, amma kowa da sabuwar rezarsa yake zuwa, wasu ma sun daina. Na sayi bijimi ɗaya, ina haɗawa da na maƙwabci. Azumi ya matsa baya ya bar damina. Ramatu tana nan ɗakinta da 'ya'yanta, ta ƙi aure, kowace safiya ina auna mata da tiyar nan. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta taɓa ambaton abin a gaban yara ba. Wasan ƙanen miji dai ya mutu tsakaninmu, muna gaisawa kamar baƙi masu mutunta juna.

Akwai ɗan ƙaramin awo da ake yi da ɗigon jinin yatsa, shi a kaina kullum layi biyu yake nunawa. An yi mini bayani, ba ƙwayar yake gani ba, tabon da ta bari ne a jini, kuma ba ya gogewa har mutum ya mutu. Wannan ban sha wuyar fahimtarsa ba. Babban awon kuwa, likita ta ce ba sai na ƙara yi ba, muddin ban sake haɗa aska ko allura da wani ba. Ramatu ba ta yarda da wannan ba. In na je aski ita ke ba ɗanta sabuwar reza ya kawo mini. Bayan shekara biyu ko uku, in ruwan farko ya sauka, sai ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce in tashi in tafi awo. Ban san ko kulawa ba ce ko hukunci, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Bana ma ta tsaya. Na je Gaya aka ɗebi jini, jiya takarda ta iso. Na tarar da ita a tsakar gida tana daka, gumi na sauka ta goshinta, sama ba ko ɗigon gajimare. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Mi sunka ce?"

"Babu, Yaya Ramatu. Ba su ga komi ba."

Ta yi daka uku ko huɗu kafin ta yi magana, idonta na cikin turmi.

"To. Kwana arba'in da biyu na mijina suna nan a jikinka."

Ta ci gaba da dakanta. Na ninke takardar na sa a aljihu, na shiga na ɗauko sungumin Yaya na zauna ina gyara masa ƙota, don in ruwa ya dawo sai mun sake shuka.